Rediyo da igiyar salula a tsohuwar Hiyas ɗita

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Shekara uku ke nan ina jan wannan mota tsakanin Tawa da Ƙonni, kuma shekara ukun nan duka akwai rami a tsakiyar tabulo, wato allon gaban direba, inda ya kamata rediyo ya zauna. A ciki nake ajiye goro da takardun mota da tsumman goge gilashi. Toyota Hiyas ce ƙirar 1996 mai shan gazuwal, daga Turai ta fito, ta tashar jirgin ruwan Kwatano ta shigo kamar yawancin ƴan uwanta. Wanda ya sayar mini ya cire rediyonsa kafin ya miƙo makulli.

Abin da ya sa na ɗaura niyya yanzu shi ne fitar asuba. Da hunturun nan, in na tashi daga tasha bayan sallah, fasinja kowa ya lulluɓe ya yi barci, karen motata ma ya kife kai a gwiwa, sai ni da hanya wajen kilomita 130. Salula tana da karatu da wa'azi da waƙa cike da kati, amma injin Hiyas a ƙarƙashin kujerar direba yake, ƙararsa tana haɗiye ƴar muryar salula gaba ɗaya. Abin toshe kunne kuwa ba na direba ba ne, don dole in ji odar babbar mota in ta taho ta bayana. Saboda haka abu biyu nake so: rediyo mai kama tashoshinmu, da ƙofar da zan soka igiyar salula sauti ya fito ta lasifikan mota.

Yau da la'asar na kwance fuskar tabulo a ƙofar gida. Kafin in taɓa komai sai da na cire kan batir na mas, wato na ɓangaren jikin mota. Da na haska tocila cikin ramin sai gabana ya faɗi. An datse soket ɗin asali da almakashi, wayoyi goma sha wani abu suna reto, uku daga ciki an murɗe su da hannu an naɗe da tsinken baƙar leda. Ledar ta narke a wuri guda ta manne da tagulla. Shekara uku ina ɗaukar mutane goma sha takwas a kan wannan.

Na taɓa ganin mota irin tawa tana ci da wuta a gefen hanya bayan Badagishiri. Mutane sun tsira, kaya ba su tsira ba, kuma direban yana ta cewa hayaƙin daga bayan tabulo ya fara. Ban manta fuskarsa ba. Aikin nan ko zai ci wata guda, ba zan murɗe waya ko ɗaya da hannu ba.

Talata, 7 ga Janairu

Kawuna ya yi shekaru yana gyaran wutar mota kafin idonsa ya yi rauni. Na je aron mitarsa ta aunin wuta, ya ce ba zai ba da aro ba sai dai ya biyo ta. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar mota, ni ina ciki ina faɗa masa abin da na gani.

Na mai da kan batir, na rarraba wayoyin don kada su taɓa juna, na ɗora baƙin tsinken mita a kan ƙarfen mota, jan kuma ina bi da shi ɗaya bayan ɗaya. Makulli yana aljihuna. Waya guda ce kawai ta nuna wuta, shuɗiya mai zanen rawaya, bolt 12.5. Ita ce mai wuta dare da rana, wadda ke riƙe wa rediyo agogo da tashoshin da aka ajiye. Na murza makulli mataki ɗaya, mai ruwan toka ta farka, na kashe ta mutu. Ita ce ta kontak.

Wajen neman mas ne na kusa yin kuskure. Na juya mita zuwa inda take ƙara in waya biyu sun haɗu, koriyar waya ta yi ƙara da jikin mota, na ce na samu. Kawu ya ce, "Tsaya, ɗana. Kunna ƙananan fitilu ka sake aunawa." Na kunna, sai ga bolt 12 a kan wayar da na kira mas. Ashe ta hasken tabulo ce. In fitilu suna kashe, mita tana bi ta cikin ƙwayayen fitila ta isa jikin mota, sai ta yi kamar mas. Ya ce ya sha karɓar motar da rediyonta ke aiki lafiya da rana, da magariba direba ya kunna fitila ya mutu ko fiyus ya tashi, kuma kusan kullum wannan wayar ce. Mas na gaskiya mai ruwan ƙasa ce.

Sauran takwas na lasifika ne. Kawu ya sa aka kawo batirin tocila mai bolt 1.5, ina taɓa waya biyu-biyu a kansa, inda aka ji "ɗas" nan ne lasifikarsu. Gaba hagu: ruwan hoda da mai launin ɓawon albasar Galmi. Gaba dama: kore mai haske da shuɗi. Na baya babu wanda ya amsa, amma launinsu ne ya ba ni tsoro, baƙi da rawaya a hagu, ja da fari a dama. A rediyon kasuwa rawaya ita ce wuta ta kullum, ja ta kontak, baƙa mas. A wannan mota kuwa ukun nan duka na lasifikan baya ne. Wanda ya haɗa launi da launi ya ɗauka ya gama, alhali ko wuta bai kai wa rediyon ba.

Kowace waya na manna mata ƴar takarda na rubuta aikinta.

Kafin mu tashi Kawu ya ce in buɗe akwatin fiyus. Wanda ke ciyar da ramin kunna taba da rediyo ya ƙone tun ban san yaushe ba, wani ya naɗe ƙafafunsa da silin tagulla ya mai da shi. Fiyus an yi shi ne ya mutu a madadin waya. In aka ɗaure shi haka, ranar da wuta ta taɓa jiki wayar ce za ta yi ja. Na duba lambar da ke jikin murfin akwatin, na aiki yaro ya sayo mai wannan lambar daidai.

Lahadi, 12 ga Janairu

Ranar kasuwar Tawa. Na sayi rediyo na hannu wurin wani mai rumfar kayan mota, jika goma sha biyu bayan doguwar ciniki. Fuskarsa tsaf, madanninsa duka suna aiki, ya jona mini a batir fitilarsa ta kama, na biya na taho.

A gida na haɗa shi a kan tebur da lasifika guda da guntuwar waya a matsayin eriya. Na danna neman tasha, lamba ta fara daga 76, ta hau, ta kai 90 ta komo 76. Na sake, haka. Tsofaffin rediyoyin da aka ƙera don kasuwar Japan daga 76 zuwa 90 zangon FM ɗinsu yake, namu kuwa daga 87.5 zuwa 108. Ɗan tsakanin nan kawai muka haɗa da su, duk tashar da ke sama da 90 ba zai taɓa jin ta ba. Akwai ƴar na'urar da ake sawa a igiyar eriya ta sauko da tashoshin, amma lambar da fuska za ta nuna ba ita ce ta gaskiya ba, kuma ƙarin haɗi ne a bayan tabulo, abin da nake gudu.

Na koma kafin a watse. Na ce, "Alhaji, wannan ba na ƙasarmu ba ne, duba inda yake tsayawa." Ya karɓa ya danna da kansa, ya yi shiru, ya ce wallahi a cikin kwali guda suka zo masa, bai taɓa lura ba. Na yarda da shi. Ya fito da wani, ya fi na farko tsufa, gefen fuskar ya ɗan goge, amma lambarsa ta haura har 108. Na juya bayansa: ramuka ja da fari jeri biyu, ɗaya an rubuta na fitar da sauti zuwa amfilifaya, ɗaya an rubuta AUX IN, wato ƙofar shigar da sauti daga waje. Shi nake nema. Na cika jika biyu na ɗauka, wannan karon sai da muka ji Muryar Sahel a rumfar kafin in tafi.

Laraba, 15 ga Janairu

Yau ban taɓa aikin rediyon ba, sawu biyu na yi. A Ƙonni na sayi wayar lasifika mita goma sha biyar, dalma, da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Wayar farko da aka miƙo mini na kankare silinta da wuƙa sai fari ya bayyana, alminiyom ne aka shafa wa ruwan tagulla. Irinta ba ta son dalma, kuma girgizar hanya tana karya ta. Na ƙara kuɗi na karɓi ta tagulla zalla.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau tun hantsi har la'asar ina cikin mota, kan batir a cire.

Kowane haɗi iri ɗaya na yi masa: in zura robar tun farko, in fere bakin waya biyu, in saƙa su, in ɗora ƙarfe mai zafi a ƙarƙashi har dalma ta bi cikin silin da kanta, in ja robar ta rufe, in gasa ta da ashana daga nesa. Salatif na ajiye shi gefe. Motar da ta wuni a rana a watan Afrilu a garin nan, gam ɗin salatif narkewa yake ya saki. Rawayar rediyo ta tafi ga shuɗiya mai zanen rawaya, ja ga mai ruwan toka, baƙa ga mai ruwan ƙasa, mai ruwan goro ga koriyar hasken tabulo don fuskar ta rage haske da dare. Farare biyu na rediyo gaba hagu, masu ruwan toka biyu gaba dama. Shuɗiyar da ke ta da eriya mai fitowa da kanta ba ni da aikinta, na toshe bakinta na naɗe. A bayan rediyon akwai fiyus nasa mai amfiya 10, na ciro na duba, lafiya lau.

Ramin daidai yake da ma'aunin da aka saba, faɗi milimita 180, tsayi 50. Toyota da ƙarafa biyu na gefe take riƙe rediyo, Allah ya sa ba a tafi da su ba. A jikin rediyon an rubuta kada sukurun ya wuce milimita 8. Waɗanda na tarar a gwangwanina sun fi haka, da na ɗaura su da sun huda allon ciki, sai da na yanke su da zarto.

Sai ƙofar salula. Ban so igiya ta riƙa reto daga bayan tabulo ba, don kowa ya ja ta sai ta tsinke a ciki. Kusa da sitiyari akwai murfin roba na madannin da ba a sa wa motar ba. Na ciro shi, na huda, na ɗaura macen jak mai milimita 3.5, irin ta abin kunne. Ƙafa uku gare ta. Ta tsinin jak ita ce sautin hagu, ta tafi farin rami. Ta zoben tsakiya sautin dama, jan rami. Ta gindi mas ce ta su biyun, ita na haɗa da saƙar tagullar da ke lulluɓe da igiyar, wadda ke kare sauti daga hayaniyar sauran wayoyi. Da gangan na zaɓi murfin roba, don kada jikin jak ɗin ya taɓa ƙarfen mota. Na bi da igiyar nesa da damin wayoyin wuta, na ɗaure ta wuri uku.

Na mai da batir, na murza makulli. Rediyo ya kama. Na soka salula, na danna madannin sauya tushe, FM, AM, faifai, ya komo FM, babu AUX. Na yi zufa a cikin sanyin nan, har na fara tunanin kwance dalmar. Ɗan maƙwabcina da ke leƙe ta taga ya ce, "Baba, a irin wannan sai an kashe shi an danne madanni a shiga saiti, a nan ake buɗe ta." Haka ne kuwa. Muka buɗe, na sa karatun Alƙur'ani, murya ta cika gaban mota. Na daɗe zaune ban ce komai ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Tun Litinin ƴan kujerar baya ke cewa su ba sa jin komai. Karen motata ya ce, "Maigida, a ƙara lasifika huɗu a jona a kan na gaba mana, ai an rubuta 50 sau huɗu." Na zaunar da shi na yi masa bayani, don gobe shi ma zai riƙe mota. Lambar nan ta ƙololuwa ce ta ƙiftawar ido, abin da rediyo irin wannan ke bayarwa a tsaye wajen wat 15 zuwa 20 ne a kowace ƙofa. Kuma kowace ƙofa don lasifika mai om 4 aka yi ta, om kuwa ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta ne. In ka jera biyu kafaɗa da kafaɗa a ƙofa guda sun koma om 2, rediyo ya ja wutar da ta fi ƙarfinsa, ya yi zafi, wata rana ya yi shiru. Ƙofa huɗu, lasifika huɗu.

Da na bi tsofaffin wayoyin baya na ga dalilin da ba su amsa ba. An yanke su a ƙarƙashin kujera ta biyu, kuma wani ya taɓa ɗaure ƙafar lasifika guda a jikin mota don ya rage tsawon waya. Rediyoyin da can wasu suna jure haka. Na yanzu duka wayoyin lasifika biyun suna ɗauke da sauti, ka taɓa ɗaya da ƙarfen mota ka ƙone abin da ke ciki. Na ja sabuwar waya mai harshe biyu kowane gefe, ta ƙarƙashin robar bakin ƙofa, inda ta ratsa ƙarfe na sa mata guntun tiyo don kada kaifi ya ci ta. Koraye biyu na rediyo baya hagu, masu launin albasa baya dama. Lasifikan na ɗaura su sama kusa da rufi, inda buhu da ƙafa ba sa kaiwa.

Da na kunna, sautin baya ya fito siriri kamar daga cikin gwangwani, ganga ba ta da ciki. Na koma ga batirin tocila: lasifika ɗaya takardar fuskarta tana turowa waje, ɗaya tana shigewa ciki. Na juya ƙafafun ta biyun, kaurin ya dawo.

Litinin, 27 ga Janairu

Sabuwar matsala, kuma ita ta fi cin raina. Da salula tana kan batirinta sauti garau. Da na soka caja a ramin kunna taba sai wani siririn kuka ya shigo, in na taka totur ya hau, in na saki ya sauka. Daga Tsarnawa zuwa Tawa haka na sha shi.

Na kira Kawu. Ya ce motar gazuwal ba ta da fulogi, saboda haka ba tartsatsi ba ne, kukan altanato ne, na'urar da ke cajin batir in inji yana aiki. Ya sa na auna batir inji yana aiki, 14.1, caji lafiya. Ya ce, "To salularka ta sami hanya biyu zuwa jikin mota, ɗaya ta caja, ɗaya ta igiyar sauti. Masan biyu ba daidai suke ba, ɗan bambancin nan shi ke bi ta igiyar, rediyo ya ɗauke shi waƙa ya ƙara masa ƙarfi."

Na fara da abin da ba ya cin kuɗi. Na sami ƙarfen da ke riƙe tabulo, na goge fenti da tsatsa har ya yi ƙyalli, na ɗaure mas ɗin rediyo a nan da gajeriyar waya mai kauri, na kawo mas ɗin ramin caja wuri guda. Kukan ya ragu da kamar rabi. Na ari cajar wani direba mai nauyi a hannu, ya ƙara raguwa, amma in karatu ya tsaya tsakanin aya da aya ana jin sa. A wajen waƙa da na haƙura. A wajen karatu ba zan iya ba.

Na yi wa ƙanena da ke Yamai waya ya nemo mini ƴar na'urar raba mas. Ƙaramin akwati ne mai taransifoma biyu a ciki, sauti yana tsallakawa ta maganaɗisu ba tare da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Saƙon ya iso a motar safe. Na sa shi a bayan rediyo, tsakanin igiyar jak da ramukan ja da fari, na naɗe shi da soso don kada ya riƙa bugun ƙarfe. Caja a soke, totur har ƙasa, shiru. Kaurin ganga ya ɗan ragu kaɗan, na ƙara shi daga saiti. Na auna abin da rediyo ke sha mota tana kashe, ƴan miliamfiya ne, ba zai kwantar da batir ba. Na rufe tabulo, sukuru bai yi saura ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Fitar asuba. A kujerar da ke bayana akwai wata tsohuwa za ta Ƙonni wurin ƴarta. Mun wuce Badagishiri gari ya fara haske, na lura tana ta manna salula a kunne tana cirewa. Ta taɓa kafaɗata ta ce, "Ɗana, yarona ne ya aiko magana daga Abijan, shekara huɗu yana can. Jikata ta kunna mini sau uku, kunnena bai kama ba. Na ga taka tana fita ta sama."

Na ce, "Inna, kowa fa zai ji." Ta ce babu abin ɓoyo tsakaninta da ɗanta.

Na sauka gefen hanya na tsaya, na zare igiyar daga tawa na soka a tata, na mai da sautin baya. Muryar namiji ta fito daga saman kanta, yana gaishe ta, yana tambayar ƙafarta, yana cewa ya aiko da kuɗin hatsi ta hannun wani, kuma in Allah ya yarda da shi za a yi babbar salla. Motar ta yi tsit, har masu barci sun farka. Ta ɗaga kai tana kallon lasifikar, ta ce a sake. Na sake. Ta goge ido da bakin mayafi, wani dattijo a baya ya ce Allah ya dawo da shi lafiya, muka amsa baki ɗaya, na tada mota.

A Ƙonni na lura ƙura ta fara taruwa a bakin jak ɗin. Na yanka guntuwar roba na toshe shi kafin in sami murfin da ya dace. Eriya ma gindinta ya yi tsatsa, tashoshi suna shashshaka tun kafin Tsarnawa, ita zan kwance ranar Lahadi in an dawo daga kasuwa.